BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA



An nemi in yi magana a kan yadda za a ƙarfafa sha'anin kiwon lafiya a ƙasar nan, domin kada wata annoba ta sake samun mu a kwance. Na gode da wannan girmamawa. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce, kuma zan faɗe ta tun yanzu domin kowa ya riƙe. Abin da yake tare annoba shi ne aikin asibiti na yau da kullum, wanda ake yi sa'ad da ake zaune lafiya. Idan ɗakin shan magani na ƙauye yana buɗe, akwai ma'aikaci a ciki, albashinsa na zuwa, kuma mutanen gari sun yarda da shi, to, ranar da baƙuwar cuta ta shigo akwai mai ganinta, akwai kuma mai kai labari. Idan kuwa babu, duk dukiyar da za a zubo daga baya ihu ce bayan hari. Zan kawo muku shaida daga tarihin ƙasarmu, sa'an nan in faɗi abin da nake ganin ya rataya a wuyan hukuma da abin da ya rataya a wuyanmu.

ABIN DA KAKANNINMU SUKA GANI

A watan Satumba na 1918 jiragen ruwa suka kawo wata muguwar mura tashar Ikko. Ba a jima ba ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta kogi da turakun fatake, ta game Arewa. Ita ce tsofaffinmu suke kira marisuwa. Masu tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum kimanin 500,000 a Nijeriya, a zamanin da jama'ar ƙasar duka ba su kai miliyan 20 ba. A lokacin nan tafiya daga Ikko zuwa Kano kwanaki ce. Yau jirgin sama yana yin ta cikin sa'a ɗaya da rabi, manyan motocin shanu da na albasa da na goro kuwa ba sa yankewa dare da rana. Hanyar da ke kawo mana abinci da ciniki, ita ce kuma hanyar cuta, saboda haka mutumin Arewa da ke neman abinci a Kudu ba shi da ikon cewa wannan magana ta likitoci ce kaɗai.

Amma tarihi bai bar mu da labarin baƙin ciki kaɗai ba. Manya daga cikinku suna da tabon lamba a damtse, wanda aka yi musu saboda agana. Yaran yau ba su san agana ba, domin a 1980 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dabarar da ta ci agana a Nijeriya aka fara gwada ta. A watan Disamba na 1966 cutar ta ɓulla a Lardin Ogoja, kuma maganin lamba da ke hannu bai isa a yi wa kowa ba. Wani likita Ba'amurke, William Foege, sai ya nemi 'yan mishan da ke ƙauyuka su aika mutane gida gida su gano inda masu cutar suke, su sanar da shi ta wayar iska. Da labari ya zo, aka yi wa iyalin marasa lafiya lamba, da maƙwabtansu, da mutanen kasuwannin da suke ci. Aka yi wa cutar zobe, ta rasa wurin zuwa, ta mutu. Watau ɗan magani kaɗan ya wadatar, saboda labari na gaskiya ya zo da wuri. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

SANƘARAU DA ABIN DA YA BIYO BAYA

A bazarar 1996 sanƙarau ya auka wa jihohin Arewa. Fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, galibinsu yara. A Kano ya haɗu da ƙyanda da kwalara a lokaci guda, Asibitin Zana ya cika har ana kwantar da marasa lafiya a ƙasa. A shekarar ce Saudiyya ta rufe ƙofa ga maniyyatan Nijeriya. Sanƙarau kuwa ba baƙo ba ne, kowa ya san lokacinsa, ya san yankinsa. Abin da ya faru shi ne aikin rigakafi da ƙananan asibitocin da aka ɗaga a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, an bar su sun sukurkuce cikin 'yan shekaru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A cikin wannan ruɗani ne kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musa cewa ya yi laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Kuɗi sun biya shari'a, amma zargin da ya shiga zukatan mutane ya daɗe bai fita ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Saboda haka, da jita-jita ta tashi a 2003 cewa maganin shan inna yana hana haihuwa, ta tarar da kunnuwa a buɗe. Wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta koma ba sai watan Yuli na 2004. Cikin wannan rata cutar ta fantsama zuwa ƙasashe kimanin 20 da a da sun rabu da ita, har ta kai Yaman da Indunisiya. Guragu nawa ke jan gindi a titunanmu yau sakamakon wannan shekara guda? Sai da aka koma aka nemi Sarakuna, aka kafa kwamitinsu na rigakafi a 2009 bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, aka sa hakimai da dagatai da masu unguwa da limamai a gaba, aka ɗauki matan unguwa su shiga gidaje, tukuna aiki ya miƙe. An kuma biya da jini, domin a watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Yaro na ƙarshe da asalin cutar ta kama a Borno aka same shi a 2016, kuma ran 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita, ko da yake akwai wani nau'i da har yanzu yake kama yaran da ba a yi musu rigakafi ba.

YADDA IKKO TA TSIRA

Yanzu ku dubi ɗaya fuskar. Ran 20 ga Yuli, 2014, wani ma'aikacin gwamnatin Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka filin jirgin sama na Ikko yana ɗauke da Ebola. Cutar nan ta kashe fiye da mutum 11,000 a Gini da Saliyo da Laberiya. Duniya duka ta tsorata, domin kowa ya san cunkoson Ikko, kuma a lokacin likitocin gwamnati suna yajin aiki. Amma abin da aka ƙare da shi a Nijeriya mutum 20 ne suka kamu, 8 suka rasu, kuma ran 20 ga Oktoba aka ba da sanarwar cewa cutar ta kau.

Ta yaya haka ta faru? Da farko akwai likita guda, Dokta Ameyo Stella Adadevoh, wadda ta ga alamun ba su yi kama da zazzaɓin cizon sauro ba, ta hana maras lafiyar fita duk da matsin da aka yi mata, ta sanar da hukuma. Ta kamu, ta rasu ran 19 ga Agusta. Na biyu, akwai ɗakin gwaje-gwaje a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko da ya iya tabbatar da cutar cikin 'yan kwanaki, ba sai an aika jini Turai an zauna jira ba. Na uku, kuma shi ne babba, akwai ƙwararrun mutane a hannu. Tun 2012 an kafa cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan inna, inda ma'aikata suka saba bin gida gida, suka saba kawo rahoto kowace yamma, suka san wa ke ba da umarni, wa ke riƙe da mota, wa ke biyan kuɗin mai. Daga cikinsu aka ɗauko Dokta Faisal Shuaib ya shugabanci cibiyar Ebola. Suka rubuta sunayen mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar a Ikko da Fatakwal, suka ziyarce su fuska da fuska har sau kimanin 18,500, suna auna zafin jikinsu kullum har kwana 21.

Jama'a, ku lura da abin mamaki a nan. Ƙwarewar da aka samu a lungunan Kano da Katsina da Sakkwato, wajen neman yaron da bai sha maganin shan inna ba, ita ce ta ceci Ikko. Babu wanda ya yi shirin Ebola. Shirin wata cuta aka yi da gaske, shekara da shekaru, sai ranar ta zo aka juya shi. Dabarar kuwa ita ce dai ta Ogoja: a nemo mai cuta, a yi masa zobe.

Ko a wannan nasara an ga ɓarakarmu. A watan Agusta na shekarar saƙo ya yawata ta wayar hannu cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka tashi suka yi, har wasu suka rasa rayukansu a garuruwan da Ebola ba ta taɓa zuwa ba.

DARASIN KORONA

Korona ta shigo ran 27 ga Fabrairu, 2020. Wannan karon akwai Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, wadda aka ba ta doka tata a 2018, kuma ta yi aiki. Amma ɗakunan da ke iya gwada cutar a ƙasa duka ba su wuce biyar ba da farko, kuma ba ko ɗaya a Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas. A watan Afrilu masu haƙa kabari a Kano suka fara cewa gawawwaki sun yi yawa, dattawa na ta faɗuwa. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Ku duba inda labarin ya fito: daga maƙabarta. Ƙasar da ba ta rubuta haihuwa da mutuwa, sai ta ji labarin annoba daga bakin mai haƙa kabari.

Wasu sun rasu a lokacin ba da korona ba. Mai hawan jini da mai ciwon sukari da mace mai naƙuda sun je asibiti sun tarar an rufe, ko ma'aikata na tsoron taɓa su saboda babu safar hannu da takunkumi. Dokar kulle kuma ta faɗa kan mai neman na yau, wanda in bai fita ba tukunyarsa ba ta hau wuta. An ga ƙarancin iskar oksijin, har sai a farkon 2021 aka amince a kafa wuraren samar da ita 38. Allurar rigakafi kuwa, ƙasashe masu arziki suka saye ta tun ba a gama haɗawa ba. Kason farko bai iso mu ba sai ran 2 ga Maris, 2021, allurai ƙasa da miliyan 4 ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. A Disamba na shekarar aka binne allura fiye da miliyan guda, domin an ba mu su sadaka suna dab da lalacewa.

Har ila yau, a 2021 ɗin nan da idon kowa ke kan korona, kwalara ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe kimanin 3,600, watau fiye da adadin da hukuma ta rubuta korona ta kashe tun shigowarta. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya tashi, cutar da allurar jarirai ke hanawa, ya kashe fiye da mutum 1,000, mafi yawan masu kamuwa a Jihar Kano. Dalili a fili yake: ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2023 ta nuna yara fiye da miliyan 2 a Nijeriya ba a taɓa yi musu allura ko ɗaya ba. Muna zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

GINSHIƘI NA FARKO: LABARI

To, me za a gina? Na farko shi ne hanyar labari. Masana sun sa wani ma'auni mai sauƙin riƙewa: a gane cuta cikin kwana 7 da ɓullarta, a sanar da hukuma cikin kwana 1, a kai ɗauki cikin kwana 7. Ku auna shi da abin da ya faru a Zamfara. Sanƙarau ya fara a ƙarshen 2016, labari bai kai Abuja ba sai Fabrairu na 2017. Kafin a kashe wutar, fiye da mutum 14,000 sun kamu a jihohi da dama, fiye da 1,100 sun rasu. Makonnin da aka yi shiru su ne suka ci rayukan nan.

Kowace Ƙaramar Hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Abin tambaya shi ne, yana da babur? Yana da mai? Yana da kuɗin waya? In ya ɗebi jini ko ruwan ƙashin baya, akwai motar da za ta kai ɗakin gwaji kafin ya lalace? Kuɗin waɗannan ba su kai na mota guda ta manya ba. Kuma wajibi ne a daina hukunta mai kawo mugun labari. Muddin ma'aikaci yana tsoron in ya ce akwai kwalara shugabansa zai ce ya ɓata sunan gwamnati, to, zai rubuta amai da gudawa ya yi shiru. Haka nan a haɗa malaman dabbobi cikin wannan hanya, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na Borno a 1969, daga ɓera yake zuwa, murar tsuntsaye kuma daga kaji.

GINSHIƘI NA BIYU: ƘARAMIN ASIBITI DA MA'AIKACINSA

Akwai ƙananan asibitoci kimanin 30,000 a ƙasar nan, kuma hukumomi da kansu sun sha faɗin cewa kaɗan ne ke aiki yadda ya kamata. Mun fi son ginin da za a yanka zare a ɗauki hoto. Amma gini ba ya karɓar haihuwa. Abin da ake bukata shi ne kowace mazaɓa ta sami asibiti guda da ke buɗe dare da rana, da ungozoma da gidan kwananta, da rijiyar burtsatse, da firji mai aiki da hasken rana don ajiye allurai. Iskar oksijin da aka tanada don annoba, ita ce ke ceton yaro mai ciwon haƙarƙari kowace rana. Ruwa mai tsabta da masai da aikin duba-gari, su ne maganin kwalara tun kafin likita.

Ma'aikata kuwa suna tafiya. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kimanin 55,000 ne, kuma yawancinsu suna manyan birane. Ba za a tsare likita da igiya ba. Abin da ke tsare shi albashi ne a kan kari, da kayan aiki, da tabbacin cewa in ya mutu a bakin aiki ba za a bar iyalinsa suna yawo da takardu ofis ofis ba. Ga Arewa akwai ƙarin magana: mace da yawa ba ta zuwa asibiti in namiji ne zai duba ta, kuma ba za mu sami nas da ungozoma daga cikinmu ba sai mun bar 'ya'yanmu mata sun gama sakandare.

A tuna kuma masifa ba cuta ce kaɗai ba. A ƙarshen 2016 bincike ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na asibitocin Borno rikici ya rushe su ƙurmus. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori, a daidai lokacin da birnin ya fi bukatarsa. Inda ake gina asibiti, da inda ake ajiye janareta da magunguna, duk suna cikin shiri.

GINSHIƘI NA UKU: AMANA

Talaka yana da tambaya, kuma tambayarsa tana da ƙarfi. Yakan ce, yaya aka yi maganin shan inna yake bin sa har gida kyauta, amma in ɗansa na zazzaɓi ya je asibiti sai a rubuta masa takarda ya saya? Ba a amsa wannan da sanarwar rediyo. Amsarta ita ce ya je ya sami magani. Wanda aka kula da matarsa ranar haihuwa, shi ne zai buɗe ƙofa ranar rigakafi. Kuma a riƙa faɗa wa jama'a gaskiya da harshensu, ta bakin waɗanda suka sani, tun kafin jita-jita ta riga. Killace maras lafiya ba baƙon abu ba ne gare mu, domin addini ya hore mu kada a shiga garin da annoba ta faɗa, kada na ciki su fita. Sarakuna da Malamai da suka ci nasarar shan inna, kada a ajiye su sai ranar tashin hankali.

GINSHIƘI NA HUƊU: KUƊI DA KAYAN GIDA

A watan Afrilu na 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya. Gwamnatocin Tarayya da suka biyo baya, ko wace iri, yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 6 suke tsayawa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan jinya daga aljihun mutane yake fitowa. Mutumin da ya san zuwa asibiti zai sa ya sayar da akuya, sai ya kwanta a gida har cuta ta ci ƙarfinsa ta kama 'ya'yansa. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin ƙananan asibitoci, amma ba a sa shi a kasafi ba sai 2018. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Dokokin suna nan, aiki da su ne ya rage.

Dogaro da baƙi kuwa mun ga iyakarsa. A farkon 2025 Amurka ta datse yawancin taimakon da take bayarwa, sai da aka yi gaggawar ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don toshe gurbin. A watan Mayu na shekarar ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar annoba a Janiba, abu ne mai kyau, amma takarda ba ta cika sirinji. A Yaba ta Ikko akwai ma'aikatar da ta riƙa haɗa maganin lamba da allurar cizon mahaukacin kare da ta shawara, har ana sayar wa maƙwabta, aka rufe ta a 1991 da sunan gyara. Cibiyar Vom ta Jihar Filato tana haɗa allurar dabbobi tun zamanin Turawa. Ƙasar da ta iya wannan jiya ba ta da hujjar jiran sadaka gobe. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

NAMU KASON

A ƙarshe, me ya rage gare mu da muke zaune a nan? Kowane magidanci ya koma gida ya nemi katin allurar 'ya'yansa ya duba, in akwai gurbi a cike shi, ko a Kudu ko a Arewa. Shugabannin kasuwanni da tashoshin mota da zangon shanu su tanadi ruwa da masai, su kuma san lambar jami'in lafiya na yankinsu. In ka ga mutum biyu ko uku sun mutu da ciwo iri ɗaya a unguwa, kai labari ga mai unguwa da asibiti a ranar. In saƙon magani ya zo maka a waya, tambayi malamin asibiti kafin ka tura wa wani. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba Ƙananan Hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, saboda haka in kun je gida, ku tambayi shugaban Ƙaramar Hukuma da kansila nawa aka kashe wa asibitin mazaɓarku, ku shiga kwamitin da ke lura da shi. Mai neman ƙuri'arku, ko daga wace jam'iyya ya fito, ku tambaye shi ungozoma nawa zai ɗauka, kuma yaushe.

Ba wanda ya san sunan annoba mai zuwa, ko ranar zuwanta, sai Allah. Amma mun san ƙofofin da za ta bi, mun san irin mutanen da za su fara ganinta, kuma yau muna da sararin shirya su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya saka wa ma'aikatan lafiya da alheri, Ya kare ƙasarmu daga annoba da fitina.